Shirin Erasmus: Karatu a Jami'ar Wata Ƙasa Ba Tare da Asarar Shekara Ba

A 1958 wata 'yar Italiya mai suna Sofia Corradi ta dawo gida da digiri na biyu a fannin shari'a daga Jami'ar Columbia ta Amurka. Jami'arta ta Roma ta ce sam ba ta san zancen ba, sai dai ta zauna ta ƙarasa jarrabawowin da suka rage mata. Takaicin wannan ne ya sa ta shafe shekaru tana bin shugabannin jami'o'i da magiya a kan su riƙa amincewa da karatun juna. A 1987 haƙarta ta cimma ruwa: ƙasashen Turai suka ƙaddamar da shirin musayar ɗalibai, suka raɗa masa sunan Erasmus, wani masani ɗan Rotterdam da ya yi yawon neman ilimi a Faransa da Ingila da Italiya. Ɗalibai 3,244 ne suka fara tafiya, daga ƙasashe 11.

Ɗalibin da aka zaɓa yana nan a rajistar jami'arsa. Zai je ya yi wata 2 zuwa 12 a wata ƙasa, ba zai biya masu masaukinsa kuɗin makaranta ba, kuma ana ba shi tallafi duk wata. Amma ƙashin bayan shirin wata takarda ce da ake cikewa tun kafin ya ɗaure kaya. A ciki ake jera darussan da zai ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a gida, shi ya sa hannu, jami'o'in biyu su sa nasu. Tun 1989 aka fito da ma'auni ɗaya, ECTS: shekarar karatu maki 60 ce, zango ɗaya 30. Don haka makin da aka samu a Madrid yana ci a Berlin.

Ba a rasa ƙorafi. An ware wa shirin sama da Yuro biliyan 26 daga 2021 zuwa 2027, amma a birni irin Paris kuɗin haya kaɗai kan lashe tallafin, shi ya sa 'ya'yan masu hali suka fi cin moriyarsa.

Ga ɗalibin Najeriya ko Nijar, ƙofar da ta fi kusa ita ce Erasmus Mundus, wanda aka buɗe a 2004 don masu neman digiri na biyu daga ko'ina a duniya, inda ake karatu a ƙasashe aƙalla biyu. Yawancin kwasa-kwasansa kan karɓi takardun nema tsakanin Oktoba da Janairu, don haka mai niyya ya tanadi fasfo da takardar sakamakonsa tun damina ba ta ɗauke ba.