Yadda Ake Tsara Wasan Kati Na Almara: Daga Kwali Zuwa Manhajar Waya

Da yawanmu mun taso muna buga Whot a ƙofar gida: da'ira ta hau da'ira, lamba ta hau lamba, wanda katinsa ya fara ƙarewa ya ci. Wasan kati na almara ya sha bamban. A nan kowane kati yana da suna, da hoto, da aikin da yake yi: wannan dodo ne, wancan guguwa ce, wani kuma mai magani ne da yake warkar da rauni. Kai ne kake zaɓen katunan da za ka shiga fage da su, abokin karawarka ma ya zo da nasa.

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, da wasansa Magic: The Gathering wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Bayansa aka samu na Pokémon da Yu-Gi-Oh! daga Japan, sai Hearthstone a 2014 da Marvel Snap a 2022, waɗanda ake bugawa a waya. Idan kana sha'awar haɗa naka, ga matakan da na ga sun fi muhimmanci.

1. Fara da kwali da biro

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Yanka kwali gida 30, ka rubuta suna da lambobi a kan kowanne, ka kira abokinka ku buga. Gyaran doka a kwali daƙiƙa biyar ne, a cikin manhaja kuwa yana iya cinye maka yini guda. Kafin ku fara, ka amsa tambayoyi uku: yaya ake cin wasan, me ɗan wasa zai iya yi idan layi ya zo kansa, kuma minti nawa zagaye ɗaya zai ɗauka? Mai waya yakan buga ne a cikin adaidaita ko yana jiran layi, shi ya sa Marvel Snap ya tsaya a kati 12 da juyi shida kawai.

2. Sanya wa kowane kati farashi

In babu farashi, kowa zai jefa katinsa mafi ƙarfi tun farko, wasa ya mutu. Maganin wannan shi ne kuzarin da ake kashewa kafin a ajiye kati. A Hearthstone ana farawa da ɗaya, yana ƙaruwa da ɗaya duk juyi har ya kai 10, saboda haka ƙananan katuna ne suke buɗe fage, manya su zo daga baya.

Sai ka yi wa kanka ma'auni. Misali: ƙarfin duka da ƙarfin jure duka in an haɗa su, su zama farashi sau biyu a ƙara ɗaya. Katin da farashinsa 3 ne yana da maki 7, ka raba su 3 da 4, ko 5 da 2. In ka ba shi wata baiwa, kamar tashi sama, sai ka rage masa maki. Ko manya sun yi tuntuɓe a nan. Katin Black Lotus na Magic ba a biyan komai kafin a ajiye shi, amma yana ba da kuzari uku, har ta kai an haramta shi a mafi yawan gasanni.

Ni ma na taɓa yin irin wannan. Na haɗa katin Gizo wanda yake satar kati ɗaya daga hannun abokin karawa, na sa masa farashi 1. Cikin mako guda duk abokaina sun koma cika tarinsu da Gizo, wasan ya zama gasar wa ya riga samunsa. Sai da na mayar da shi 4 sannan sauran katuna suka dawo da daraja.

3. San lissafin sa'a

A ce tarinka kati 30 ne, kuma zuwa tsakiyar wasa ka zari 10. Idan kati guda ne tak a cikin tarin, damar ya zo hannunka kashi 33 ce cikin ɗari. In biyu ne ta kai kusan 56, in uku ne kusan 72. Wannan ne ya sa ake ƙayyade yawan kwafi: Magic ya yarda da huɗu a cikin 60, Hearthstone biyu a cikin 30. Kwafi ya yi yawa, kowane wasa zai yi kama da na jiya. Ya yi kaɗan, sa'a ta rinjayi dabara.

4. Duniyar wasan da iyakarta

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Tatsuniyoyinmu cike suke da kaya: Gizo da Ƙoƙi, Dodo, Botorami, kura mai kwaɗayi, ga labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura. Kana iya gina rundunoni a kan damina, rani, hunturu da bazara, kowace da halinta: ta damina tana yawaita, ta rani tana ƙonawa, ta hunturu tana rufe ido da hazo. Kamar yadda Magic ya raba katunansa launi biyar ke nan, kowane launi da abin da ya iya da abin da ya gagare shi.

Amma abin da mutane suke ibada da shi ba kayan wasa ba ne. Kada ka sa aya, ko sunan Allah, ko na Annabi, ko addu'a a jikin katin da za a jefa a ce an kashe shi. Ba mu kaɗai muke ganin haka ba. A 2008 kamfanin Sony ya jinkirta fitar da wasan LittleBigPlanet saboda an gano kalmomin Alƙur'ani a cikin wata waƙarsa, a 2020 kuma Wizards of the Coast ya haramta wasu tsofaffin katuna, har da masu suna Jihad da Crusade. Ƙirƙiri naka sunaye da naka halittu, kuma ka nuna wa wani babba da ka yarda da shi kafin ka saki.

5. Yanzu sai manhaja

Godot kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma yana fitar da manhajar Android. Ka ajiye bayanan katuna a fayil na daban, kamar JSON, domin ka iya sauya farashi ba tare da taɓa ƙashin bayan manhajar ba. Wajen gauraya kati ka yi amfani da tsarin Fisher-Yates, wanda yake ba kowane jeri dama daidai wa daida. Idan ta intanet za a buga, a bar gaurayawa da hukunci a hannun uwar garke. In ka tura wa waya katunan abokin karawa, wani zai nemo hanyar leƙawa.

Kafin ka saki, sa kwamfuta ta buga da kanta sau dubbai, ka duba katin da mai riƙe da shi yake yawan cin wasa. Shi ne Gizonka.

6. Kuɗi ba tare da caca ba

A wajenmu da an ce karta, caca ce take zuwa ran mutane. Sayar da fakitin da mai saye bai san abin da ke ciki ba zai ƙara tabbatar da wannan zargi, kuma tun 2018 ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a wasu wasanni a matsayin caca. Gara ka sayar da wasan a farashi ɗaya, ko ka sayar da ado kawai, kamar zanen bayan kati.

Aikin wannan mako: kwali 30, rundunoni biyu, aboki ɗaya. Ku buga sau 10, ka rubuta duk inda kuka yi gardama a kan doka, domin nan ne za ka fara gyara. Wanda ya gwada, ya faɗa mana katin da ya fi ba shi wahala.