Martanin 'Yan Kallo ga Wasannin Kwaikwayon Hausa na Talabijin

1.0 Gabatarwa

Akasarin nazarce-nazarcen da aka yi a kan wasan kwaikwayon Hausa sun fi karkata ga jigo da zubi da tsari da salo, tamkar dai wasa yana ƙarewa ne daidai inda 'yan wasa suka tsaya. Alhali kuwa Bahaushe bai taɓa zama ɗan kallon da ke naɗe hannu ba. A dandalin tatsuniya sai masu sauraro sun amsa kafin mai ba da labari ya soma, a tashe kuma 'yan amshi da masu gida duk cikin wasan suke. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da 'yan kallo ke yi da wasa bayan an kashe akwati, musamman ta fuskar harshe.

2.0 Sunan Wasa da Sunan Yanka

Martani na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne yadda jama'a ke ƙwace wa ɗan wasa sunansa na yanka su maye masa da na wasa. Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna a shekarar 2023, amma a bakin mutane Samanja ne ya rasu. Haka Abdullahi Shu'aibu ya zama Karkuzu a Jos, Rabilu Musa kuma, wanda ya rasu a 2014, ya zama Ɗan Ibro. Wannan ba baƙon abu ba ne a tsarin laƙabin Hausa, inda sana'a ko hali kan rinjayi sunan yanka. Abin lura shi ne sunan ba ya tsayawa kan mai shi. Yakan sauko unguwa, a riƙa kiran duk wani mai tsawa da ba da umarni Samanja, ko da bai taɓa sanya kaki ba. Ta haka sunan mutum ɗaya yake komawa sunan hali, kuma 'yan kallo ne suka yi wannan aiki, ba marubucin wasa ba.

3.0 Hausar Samanja da Masu Dariyarta

Shirin Samanja Mazan Fama ya yi tashe daga Kaduna tun shekarun 1970, wato ba da daɗewa ba bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yawan sojoji ya bunƙasa, bariki kuma ya matso kusa da rayuwar talaka. Pategi Banufe ne, kuma soja ne na haƙiƙa. Shi kansa sunan Samanja aro ne daga muƙamin soja na Ingilishi, wanda bakin Bahaushe ya sarrafa ya dace da tsarin gaɓoɓinsa. Maganar tauraron gauraye take da Hausa da Turanci da kalmomin fareti, kuma ta jingina ne da irin Hausar da masana ke kira Barikanci. Daga cikin siffofin wannan Hausa akwai rushewar bambancin jinsi, inda za a ce "mace ya zo", da furta ƙ da ɗ da ɓ kamar k da d da b, da rashin kula da tsawon wasali da karin sauti.

A nan ne martanin ya rabu biyu, ko da yake duk dariya ake yi. Bakano ko Bakatsine yana dariya ne domin ya ji an karya ƙa'idar da ya tashi da ita. Dariyarsa ta mai gida ce da ya ji baƙo ya yi tuntuɓe. Amma wanda ya koyi Hausa a bariki ko kasuwa ko tashar mota, dariyarsa ta gane kai ce, domin ya ji muryar mahaifinsa ko maƙwabcinsa a cikin akwati. Duk malamin da ya koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa ya san wannan rukuni na biyu, don kuwa su ne ke cika masa aji, kuma da yawansu ba su san cewa akwai wani abin gyara a maganar tasu ba sai ranar da aka maido musu da takardar jarrabawa.

Wasu malamai sun daɗe suna ganin irin waɗannan shirye-shirye gurɓata harshe suke yi. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri. Dariyar rukuni na farko ba za ta yiwu ba sai da sanin daidaitacciyar Hausa, domin wanda bai san daidai ba ba ya jin karkace. Ke nan shirin yana tunatar da ƙa'idar ne a daidai lokacin da yake karya ta. Rukuni na biyu kuwa, shirin ya ba su gurbi a cikin adabin Hausa, abin da littattafan makaranta ba su yi musu ba. Matsalar da ta rage ita ce ta mutunci: idan kullum mai karyayyar Hausa shi ne abin dariya, ɗalibin da ke magana haka yakan ji nauyin buɗe baki a gaban Hausawa, kuma wannan asara ce ga harshen da yaɗuwarsa ta dogara da irinsa.

4.0 Kunnen Habaici

Bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun zo da wani salon martani. Kwana Casa'in ya gina labarinsa a ƙagaggiyar jihar Alfawa, amma 'yan kallo ba su yarda sun bar ta a ƙage ba. Sai suka shiga daidaita gwamnan wasa da gwamnonin zahiri, kowa da wanda ya hango. Wannan shi ne kunnen da Bahaushe ke sauraron habaici da shi, inda ba a ambaci suna ba amma kowa yana neman wanda zai tsargu. Shi ya sa a ƙarshen 2019, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ba da umarnin dakatar da shirin tare da Gidan Badamasi bisa dalilan ƙa'idar tacewa, mutane da dama suka fassara matakin da cewa habaicin ne ya isa inda aka aika shi.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya nuna ɗaya gefen abin da muka gani a sashe na biyu. Da Nafisat Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, wasu 'yan kallo sun daɗe ba su saki jiki da canjin ba. A wurinsu an riga an raɗa wa fuska ɗaya wannan suna, kuma mai shiri ba shi da ikon ya ɗauke shi ya ba wata ba tare da yardarsu ba.