Ku Sauke wa Kwamfutar Gem Gudu Tun Ba Ta Ƙone Ba

Wannan kira ne ga matasan Ali Kazaure da maƙwabtan unguwanni a Jos ta Arewa. Ga masu shagon gem. Ga masu gyara. Ga iyayen da suka ƙuƙuta suka saya wa yaro kwamfuta. Kada kowa ya firgita. Ɓarna ce da ake iya tarewa yau. Idan aka bar ta, gobe sai sayen sabo.

Wata ɗabi'a ta shigo mana. Yaro ya shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfuta, ya ƙara wa furosesa gudu fiye da ƙa'idar kamfani. Ya ƙara mata wuta. Ya taɓa ram, ya taɓa katin hoto. Shi ne obakulok da kuke ji a bakinsu. Kwana biyu gem na tafiya sumul. Daga nan alamu su fara.

Na gani da idona a ɗakin ƙanena. Ana tsakiyar wasa hoto ya daskare. Sauti ya maƙale, yana ƙara ɗaya kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Allo ya koma shuɗi, kwamfuta ta sake kunna kanta. Ya ce, "Yaya, gem ɗin ne." Ya goge, ya sake saukewa, ya ƙarar da datar wata guda. Washegari ta maimaita. Na kai hannu bayan akwatin, iskar da ke fita kamar hucin murhu. Injin ne ke neman agaji, mu kuma muna zargin gem.

Haɗarin farko zafi ne. Sanyin Jos yana ruɗin mu. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma iskar tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Fanka ba ta kwashe zafi yadda ake zato. Ƙurar hunturu ta toshe raga. Zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe. Furosesa irin Core i9-13900K tana iya jan wat 253 ba tare da an taɓa ta ba, iyakar zafinta kuma digiri 100. Wanda ya ƙara mata kaya a rufaffen shago, ya san abin da ya gayyato.

Haɗari na biyu ya fi wannan, domin ba ya warkewa. Wutar da ta wuce kima tana cin furosesa a hankali. A watan Yulin 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wuta mai yawa ce ke sa furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 rikicewa. Har waɗanda masu su ba su taɓa yi wa obakulok ba. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS a Agusta da Satumba, ya ƙara garanti da shekara biyu. Amma gyaran rigakafi ne kawai. Wadda ta riga ta lalace, ta lalace. Idan wutar da kamfani ya saka ta yi haka, ina ga wadda yaro ya ƙara da ka?

Haɗari na uku yana ɓuya a cikin ram. Maɓalli ɗaya ne, XMP ko EXPO, kuma da yawa ba su san shi ma ƙarin gudu ba ne. A Afrilun 2023 wasu furosesocin AMD na Ryzen 7000X3D sun kumbura, sun ƙone tare da mazauninsu, aka zargi ƙarin wutar da ke biyo bayan kunna EXPO. Sai da kamfanin ya taƙaita wutar wani sashe nasu zuwa volt 1.3. Ram da ba ta zauna daidai ba kuma tana ɓata fayil a ɓoye. Furojet ɗin ɗalibi. Hotunan biki. Lissafin shago. Ranar da ake buƙata, ranar za su ƙi buɗewa.

Haɗari na huɗu a bango yake. Wutarmu tana hawa tana sauka. A ɗauke, a kawo, a koma janareto. Da damina ga tsawa da walƙiya irin ta Filato. A haka wasu ke haɗa katin hoto mai tsada da fawa saflai na araha. Araha ba ta ado. A 2022 an ga bakin wayar katin RTX 4090 yana narkewa a ƙasashen da wuta ba ta ko ƙiftawa, galibi saboda ba a soka shi ya zauna ba. Gidajenmu a manne suke da juna. Wayar da ta narke da dare ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya.

Haɗari na biyar a kasuwa yake. Yawancin kayanmu gwanjo ne, babu garanti. Tun da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙarsa a Satumbar 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Mu kanmu, idan inji ya fara ciwo, wani sai ya goge shi ya sayar wa maƙwabci. Wannan cin amana ne. Haka ɓarna ke zagaya unguwa daga hannu zuwa hannu.

To, ga abin yi, kuma yau ne. Ku shiga BIOS ku mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Ku kashe XMP ko EXPO. Ku sauke ƙarin gudun katin hoto. Ku zare fulogi, ku kakkaɓe ƙura, ku sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta. Ku duba zafi da manhajar HWiNFO. Ku bar MemTest86 ya kwana yana gwada ram. Kuskure ɗaya ma ya isa hujja. Mai Intel zubi na 13 ko na 14 ya sabunta BIOS, amma a kan UPS ko inbata. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiya, babban bod ɗin kwamfutar na iya mutuwa. Ku riƙa canza abu ɗaya, ku gwada, sannan na gaba. Idan ta ci gaba da ɗaukewa, ku kai wa mai gyara, ku faɗa masa gaskiyar abin da kuka taɓa. Idan kun ji ƙauri, ku kashe nan take.

Ƙanena ya sauke wa tasa gudu. Bambancin da ya rasa a wasa, ido da ƙyar yake gani. Tasa ta tsira domin an yi da wuri. Kowane shuɗin allo gargaɗi ne, kuma ba a san wanne ne na ƙarshe ba. Gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ku kunna gem a daren yau, ku fara shiga BIOS.