Riƙon Yara da Mallakar Bindiga: Nazari Kan Yankin Tafoki

1.0 Gabatarwa

Tafoki gari ne a ƙaramar hukumar Faskari, wadda ita da Ƙanƙara da Sabuwa suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai a Jihar Katsina. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane masu yawa a Kadisau ta Faskari, sa'an nan ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Irin wannan ta'asa ta haifar da abubuwa biyu a lokaci guda: yawaitar marayu a hannun dangi, da yawaitar makamai a cikin gidaje. Manufar wannan maƙala ita ce duba inda abubuwan biyu suka haɗu, watau matsayin mutumin da yake riƙon ɗan wani, kuma yake ajiye bindiga a gidan da yaron yake kwana.

2.0 Riƙo a Al'adar Bahaushe

Riƙo shi ne mutum ya karɓi yaron da ba shi ya haifa ba, ya ɗauki nauyin cinsa da suturarsa da tarbiyyarsa, ba tare da yaron ya rasa nasabarsa ko gadon iyayensa ba. Tun kafin wannan fitina Bahaushe ya san riƙo ta hanyoyi da yawa. Akwai ɗan fari da akan miƙa wa kakanni saboda kunya, akwai yaron da akan kai yaye ya zarce da zama, akwai wanda akan bai wa 'yar'uwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, sa'an nan ga agola da maraya. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda wannan al'ada ta yi jijiya a ƙasar Hausa.

Abin lura shi ne, irin wannan riƙo ba a rubuta shi a takarda. Dattawan dangi ne suke zartar da shi, mai unguwa da liman su shaida. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi riƙo ta hanyar umurnin kotu, bayan an bincika halin mai nema da lafiyarsa da ƙarfin aljihunsa, kuma Jihar Katsina ta yi tata Dokar Kare Yara a 2020. Amma a karkara riƙon dangi shi ne ruwan dare, don haka babu ma'aikacin da zai zo ya duba ɗakin da yaron zai kwana, balle ya tambayi abin da ke rataye a bangonsa.

3.0 Abin da Doka ta Ce Kan Bindiga

Da farko ya kamata a san cewa Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai bai wa kowa haƙƙin riƙe bindiga ba. Ya yarda mutum ya kare kansa da dukiyarsa gwargwadon hali, amma ya sanya al'amarin makamai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take yi wa doka. Dokar da take aiki ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku:

(a) Haramtattu: bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu irin su libarba. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗaurin shekara 10 ne aƙalla.

(b) Na amfanin kai: kamar bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

(c) Masu ɗuri ta baki: watau adaka ko bindigar toka, irin ta maharba. Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da yardar Gwamna, yana da ikon hana riƙe su sai da lasisi.

Wannan bambanci yana da asali tun yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Barasal, babban birnin Beljiyam, a 1890, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka, ta bar wa jama'a masu ɗuri.

Dokar ta ce lasisi ba haƙƙi ba ne, ana iya hana shi. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ta kuma ɗora wa mai bindiga alhakin adana ta. Ke nan mai riƙo, a idon wannan doka, daidai yake da kowane magidanci. Riƙon bai ƙara masa haƙƙi ba, bai kuma rage masa ba.

A aikace kuwa an sami saɓanin murya tsakanin hukumomi. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina da su nemi makamai su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisi, kuma a watan Oktoba na shekarar Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Talakan da ke bakin daji, da marayu a gidansa, shi aka bari cikin tsaka mai wuya.

4.0 Matsalolin da Suka Keɓanta da Mai Riƙo

Matsala ta farko ita ce ta amana. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil, ana sharɗanta wa mai renon yaro hankali da amana da iya ɗaukar nauyi. Amanar nan tana da fuska biyu: kare yaro daga maharan waje, da kare shi daga makamin cikin gida. Adaka ba ta ɗuruwa da sauri, don haka mai tsoron harin dare yakan ajiye ta a ɗure. To, abin da ya sa ta yi amfani ga magidanci shi ne ya sa ta zama haɗari ga yaro, domin yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Ta biyu ita ce bindigar gado. Idan mamaci ya bar bindiga, ta shiga dukiyar maraya, kuma shari'a ta wajabta wa waliyyi tsare wannan dukiya har yaron ya yi hankali. Amma lasisi na mutum ne shi kaɗai, ba a gadonsa. Kawu ko baffan da ya ajiye ta da kyakkyawar niyya yana iya zama mai laifi a gaban 'yan sanda. Mafita ita ce ya kai rahoto ga hukuma, a ƙiyasta kimarta a gaban shaidu, domin kada haƙƙin yaron ya salwanta.

Ta uku ita ce halin yaron kansa. Wanda aka kashe mahaifinsa a gaban idonsa ba daidai yake da sauran yara ba. Tsoro da ƙullin ramuwa suna tare da shi. Idan ya tasa, shi ne ake saurin turawa sintiri da dare, tun da ba shi da uban da zai ce a'a. Dokar 2003 tana ɗaukar duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, don haka ba shi makami zalunci ne, ko da an kira shi jarumtaka.

5.0 Misali Daga Amurka

A Amurka gyara na biyu na tsarin mulki, na 1791, ya tabbatar da haƙƙin riƙe makami, kuma riƙon yara yana ƙarƙashin hukumomin jihohi. Jihohi da dama sun sharɗanta wa mai riƙo ya kulle bindigarsa, ya ajiye harsashi a wani wuri dabam. A 2017 wani kaka a Jihar Mishigan ya kai ƙara kotu yana cewa irin waɗannan sharuɗɗa sun tauye masa haƙƙi. Can rigimar tsakanin haƙƙi ne da ƙa'ida. A nan kuwa babu haƙƙin, babu kuma mai bin diddigin ƙa'idar, ga shi buƙatar kariya ta fi tasu tsanani.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa doka ta kula da bindiga a gefe guda, ta kula da yaro a wani gefe, ba ta haɗa su ba. Giɓin da ya rage dangi da masu unguwanni da malamai ne za su iya cike shi. Ranar da ake miƙa maraya, kamar yadda ake tambayar abincinsa da karatunsa, ya dace a tambayi inda ake ajiye makami da albarushi, a kuma yi alkawarin ba za a tura shi sintiri ba. Ita kuwa hukuma, nauyin tsaro a wuyanta yake. In ta sauke shi, magidanci ba zai kwana da ɗurarriyar bindiga kusa da tabarmar yara ba. Muna fata ɗalibai 'yan'uwa, musamman 'yan asalin wannan yanki, za su tattaro bayanai daga bakin masu riƙon da kansu, domin a faɗaɗa wannan nazari.