Tafiya bida: yadda baƙo zai samu masauki mai sauƙin kuɗi kafin ya kama haya

Da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, tashoshin manyan motoci na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai sai su cika da matasa masu tafiya bida. Wasu Legas suka nufa, wasu Akra ko Kumasi a Gana, wasu kuma Abijan a Kodebuwa. Kusan kowa ya yi lissafin kuɗin mota, da guzuri, da ɗan abin da hanya ke ci. Abin da ba kasafai ake sakawa cikin lissafi ba shi ne wurin kwana. In mota ta sauke mutum da ƙarfe biyun dare a garin da bai taɓa zuwa ba, ina zai sa haƙarƙarinsa?

Tambayar ba ƙarama ba ce, don a nan ne jarin mutane da yawa ke ƙarewa tun ba su fara nema ba. Shawarar da muke bayarwa ita ce a bi abin daki-daki: masaukin kwanakin farko daban, na watannin farko daban, haya kuma sai an san gari.

Tun daga gida ake neman masauki

Wanda ya tashi ba tare da sunan wanda zai sauka wurinsa ba, ya riga ya sa kansa cikin tsada. Da wuya a samu ƙauye a ƙasar Adar ko Gobir ko Damagaram da ba shi da ɗa a ɗaya daga cikin waɗannan birane. Kafin a sayi tikiti, a nemi lambar mutum biyu ko uku, kada a tsaya ga ɗaya, don waya na ɓata, mutum kuma na iya canza gari.

In an same shi, a yi magana a fili, kunya ba ta da amfani a nan. Mutum nawa ne a ɗakin? Kwana nawa zan iya yi? Akwai abin da ake haɗawa a wata? Wace unguwa ce, kuma wace mota ake shiga daga tasha? Kalmar "ka taho kawai, Allah zai rufa asiri" tana da daɗin ji, amma ba ta gaya maka ko akwai wurin shimfiɗa tabarma.

A rubuta lambobin da sunan unguwa a takarda, a sa a aljihu. In kuma mota ta iso cikin dare, gara a kwana cikin tashar kamfanin tare da sauran fasinjoji har gari ya waye, da a bi wanda ba a sani ba don ya ce yana da ɗaki.

Zango da mai gida

Kakanninmu fatake sun bar mana tsarin da har yau yake aiki. A hanyoyin fataucin goro da shanu, duk inda ayari ke yada zango, a hankali wurin ya zama unguwa. Haka aka samu Sabon Zongo da Nima a Akra, da zangon Kumasi, da unguwar Zongo a Kwatano, da Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. A Legas, Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 cike suke da masu jin Hausa. A Abijan kuwa, ƴan Nijar na da yawa a Adjamé, Abobo, Koumassi da Port-Bouët.

A irin waɗannan unguwanni akwai sarkin zango ko sarkin Hausawa, akwai limamai, akwai kuma wanda ake kira mai gida. Aikin mai gida tun asali shi ne ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Shi kuma yana samun la'ada in ciniki ya faɗa. Ga ɗan kasuwar da ya kai albasar Galmi ko dabbobi, wannan masauki ne da ba a biyan kuɗin kwana kai tsaye, amma fa ba kyauta ba ne: ta cikin ciniki ake biya. Saboda haka a tambayi yadda la'adar take tun ranar farko.

Wanda bai san kowa ba, ya nemi masallacin unguwa, ya gaida liman, ya faɗi garinsu da sunan mahaifinsa. Sau da yawa kafin la'asar an samo masa ɗan garinsu. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai a tuna, baƙunta kwana uku ce. Zaure ko barandar masallaci wurin sauke gajiya ne, ba wurin zaman wata shida ba. Baƙon da ya fara sayo ruwa, ya share ɗaki, ya sa hannu a kuɗin tuwo tun ba a tambaye shi ba, shi ne ake cewa ya ƙara kwana.

Ga mata, mun fi ba da shawarar a sauka cikin iyali, gidan da akwai matar aure, kuma mutanen gida su san sunan gidan da lambar wayarsa kafin a tashi.

Ɗakin haɗaka

Bayan kwanakin farko, mafi yawan ƴan bida ɗakin haɗaka suke shiga. Ƴan gari ɗaya su kama ɗaki, su raba kuɗin haya da na wuta da na ruwa. Wani wurin ma masu gadi da dare su kwanta da rana, masu talla da rana su kwanta da dare. Babu masaukin da ya kai wannan sauƙi, kuma a nan ake jin labarin inda ake neman ma'aikata.

Amma rigimar da ke raba ƴan uwa ma a nan take tashi. Abubuwa uku ya kamata sabon shiga ya sani. Na farko, da sunan wa aka kama ɗakin, kuma yaushe kuɗin da aka biya zai ƙare? Akwai wanda ke biyan kasonsa na shekara, bayan wata biyu mai gidan haya ya zo ya ce wa'adi ya cika. Na biyu, shin mai gidan ya san yawan mutanen da ke kwana? In bai sani ba, ranar da ya gano kowa zai iya tsintar kayansa a waje. Na uku, wa ke riƙe kuɗin, kuma ana rubutawa? Ɗan littafi na dala ashirin ya isa ya kashe gardamar da za ta iya kaiwa har gida.

Kuɗin da aka tara kuma kada a bar shi ƙarƙashin tabarma a ɗakin da mutum takwas ke shiga da fita. A aika gida, ko a ajiye a asusun waya.

Me ya sa ba a gaggawar kama haya

A manyan biranen bakin teku, abin da ke karya baƙo shi ne kuɗin da ake nema a dunƙule kafin a ba shi makulli. Kowace ƙasa da dokarta, kuma sanin dokar na taimakawa wajen ciniki.

A Gana, dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. Amma a zahiri, a Akra da Kumasi kuɗin shekara ɗaya ko biyu ake nema. Akwai ofishin gwamnati mai kula da rigingimun haya, inda ɗan haya zai iya kai ƙara.

A Kodebuwa, dokar 2018 ta ƙayyade kuɗin gaba wata biyu, kuɗin ajiya wata biyu. Dillali kuma galibi yana karɓar na wata guda. Mu ɗauki misali: in ɗaki ƙwaya ɗaya, irin wanda ake kira antire-kushe, jika 25 ne a wata, to sai ka aje jika 125 kafin ka shiga. Wannan ba a sa katifa ba, ba a sa tukunya ba.

A jihar Legas, dokar 2011 ta hana a nemi sabon ɗan haya ya biya fiye da shekara ɗaya, ko da yake an cire wasu unguwannin masu hali irin su Ikoyi daga cikinta. Kan kuɗin shekarar kuma ana ɗora na dillali da na takardar yarjejeniya.

Kun ga ke nan, wanda ya zuba duk jarinsa a haya cikin makon farko, ya ɗaure kansa a unguwar da bai sani ba. In aikin da ya samu yana can wani gefen gari, kuɗin mota kullum zai cinye sauƙin da ya samu. In kuma garin bai karɓe shi ba ya so komawa, karɓo ragowar kuɗinsa sai an sha wuya. Gara a yi wata biyu ko uku a haɗaka, a san inda abinci yake, sannan a nemi ɗaki kusa da shi.

Araha ba ta ado

Ɗakin da ya fi kowane sauƙi yakan kasance a wurin da ruwa ke ci ko wurin da hukuma ta sa wa ido. Mu da muka saba da damina ɗaya gajera, muna isa can da rani mu ga unguwa a bushe. Akra da Abijan da Legas kuwa ruwan Mayu zuwa Yuli ba wasa ba ne. A ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a tsakiyar Akra sun kashe mutane fiye da 150. A Abijan, unguwannin da ke gefen tudu irin na Attécoubé na fama da zabtarewar ƙasa in ruwa ya yi yawa. In ka shiga ɗaki, dubi bango: ruwa na barin alama daidai inda ya tsaya. Ka kuma tambayi maƙwabta, kada ka tsaya ga bakin dillali.

Sai rusau. A farkon 2024 hukumomin Abijan sun rushe unguwanni irin su Gesco da Boribana, dubban mutane suka rasa matsuguni. A Akra, a watan Yulin 2021 an tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie aka mayar da ita Adjen Kotoku, can bayan gari, abin da ya shafi ƴan Nijar da yawa masu wannan sana'a. Wanda ya biya hayar shekara a irin wannan wuri, ranar da katafila ta zo ba wanda zai mayar masa da ko dala. In dole ce ta sa a zauna can, a riƙa biya wata-wata.

A duba ruwa da makewayi ma. A gidajen haya da yawa na Nima da makamantanta, wanka da bayan gida na kuɗi ne a waje. Abin kaɗan ne a rana, amma a wata yana da nauyi.

Tarkon da ake ɗana wa baƙo

Na farko shi ne dillalin ƙarya. Zai turo hoton ɗaki ta WhatsApp ko Facebook, ya ce mutane na rububi, a aiko da rabin kuɗi a riƙe maka. Kada a biya ko sisi sai an ga ɗaki da ido, an ga mai gidan, an tabbatar wurin maƙwabta cewa shi ne mai shi. Zuwa da kai ya fi aike. Ranar biya a je da shaida, ɗan gari wanda ya daɗe a wurin, a karɓi rasit mai ɗauke da suna, da adadin kuɗi, da ranar da wa'adi zai cika.

Na biyu ya fi muni: alkawarin aiki tare da masauki kyauta. Wani lokaci aboki ne ko ɗan uwa zai kira, ya ce an samu aiki a kamfani, a zo da kuɗin rajista. In an isa sai a tarar da gida cike da matasa, a karɓe waya da takardu, a ce sai ka jawo wasu mutum biyu kafin ka ga riba. Ƴan sanda a Gana da Kodebuwa sun sha kuɓutar da mutane daga irin waɗannan gidaje. Alamar a bayyane take: duk masaukin da za a riƙe maka katin ɗan ƙasa ko fasfo, ko a hana ka fita, ko a hana ka kiran gida, ka bar shi tun da wuri.

Takardu ma masauki ne

Mai gidan kirki yakan nemi ganin takarda kafin ya ba da ɗaki. A tafi da katin ɗan ƙasa ko fasfo mai sauran wa'adi, da katin allurar shawara, a kuma ɗauki hotonsu a bar wa wani a gida. A ƙarƙashin tsarin CEDEAO, ɗan ƙasashen yankin na iya zama kwana 90 ba tare da biza ba. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su yi zirga-zirga har sai an fitar da wani sabon tsari. Don haka a tambayi halin da ake ciki kafin a tashi. A Gana, baƙon da zamansa ya kai kwana 90 a shekara ana buƙatar ya yi katin shaidar baƙi.

In an isa, a nemi ofishin jakadancin Nijar a yi katin ƙaramin jakada, wato kart konsiler, a kuma yi rajista da ƙungiyar ƴan Nijar mazauna garin. Ranar da rigimar haya ta taso, ko rashin lafiya, ko kame, su ne ke fara tsayawa.

Ga iyaye da ke sallamar ƴaƴansu a tasha, bayan addu'a a ƙara da tambaya ɗaya: wurin wa za ka sauka? In yaro bai iya faɗin suna da unguwa da lambar waya ba, tafiyar ba ta nuna ba tukuna, a ƙara mako guda a bincika. Ku kuma ƴan uwa da ke can kuna karanta mu, in ƙaninku ya kira, ku gaya masa gaskiyar ɗakin da kuke ciki da abin da ake biya, don ya san nawa zai riƙo.

Allah ya kai kowa lafiya, ya sa a dawo da abin arziki kafin ruwan shuka.