Kalmomi Uku Masu Rikita Ɗalibi Da Akawu

Duk wanda ya taɓa zama don rubuta takarda da Turanci ya san cewa jam'i a wannan harshe bai tsaya ga ƙara harafin "s" kawai ba. Akwai kalmomi uku da suka daɗe suna ba ɗalibai da akawuna wahala, wato "persons" da "people" da "peoples".

Biyun farko duk "mutane" ake fassara su da Hausa, amma asalinsu dabam ne. "Person" ta fito daga kalmar Latin "persona", ita kuwa "people" ta biyo ta Faransanci daga "populus", wato jama'a. Saboda haka tsofaffin malaman nahawu suka ce in an ƙidaya mutane a rubuta "persons", in kuwa taro ne wanda ba a san adadinsa ba a rubuta "people". Wannan ƙa'ida ta sassauta ƙwarai. Yau Baturen Ingila "three people" zai ce, kuma wanda ya rubuta "three persons" cikin wasiƙar zumunci sai a ji kamar ɗan sanda ne ke ba da rahoto. Inda "persons" ta rage da ƙarfinta shi ne kotu da takardun doka da sanarwar hukuma, kamar yadda ake kiran waɗanda rikici ya raba da gidajensu "displaced persons".

Ta ukun ita ce mai haɗari, domin "peoples" ba mutane take nufi ba, al'ummomi take nufi, kowace da ƙasarta ko harshenta. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 da "people" ya buɗe, don a nuna jama'a ɗaya ce ke magana. Amma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 "peoples" ta zaɓa.

Haka kuma yarjejeniyar da shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981, wadda ta fara aiki a 1986, da gangan aka sa "peoples" cikin sunanta. Masu tsara ta sun so a tabbatar da haƙƙin al'umma dungurungum, kamar ikon zaɓar makomarta da mallakar arzikin ƙasarta, bayan haƙƙin mutum ɗaya. Mai fassarar da ya mayar da kalmar "mutane" a nan ya zubar da rabin abin da aka sa wa hannu.