Itacen da Ya Tokare Katanga

A unguwannin gidajen ƙasa, idan damina ta ci gindin katanga har ta fara karkata, maigida yakan nemo itace mai gwafa ya tokare ta. Sai ta yi shekaru a tsaye. Wata rana wani ya dube ta ya ce ai lafiyarta ƙalau, ya zare itacen a kai murhu. Ba a ranar take faɗuwa ba, shi ya sa idan ta rushe ba mai tuna zarewar.

Aikin maganin hawan jini ke nan, tokarewa yake yi, ba ya warkarwa. Mu kuwa maganin zazzaɓin cizon sauro muka saba da shi, kwana uku an gama. Mutum ya je asibiti awonsa ya haura 140/90, aka ba shi ƙwayoyi, bayan wata guda aka ce jini ya sauka. "Alhamdulillahi, na warke," in ji shi, ya ajiye magani. Alhali ƙwayar ce ke riƙe da shi. Ciwon kuma ba ya sa zafin jiki, sau da yawa ko ciwon kai babu, yana can yana cin jijiyoyi da ƙoda da zuciya har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Ban yarda a kira wannan taurin kai ba. Akwai batun kuɗi. Magidancin da ke lissafin kwanon masara, duk wata sai ya ware na magani don ciwon da ba ya ji a jikinsa. Akwai batun tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, amma miya ɗaya ake yi wa gida duka, da gishirinta da dunƙulenta, kuma wace uwargida ce za ta ɗora tukunya biyu kullum? Ga mai maganin gargajiya a bakin kasuwa da lasifika, yana alkawarin rabuwa da ciwon kwata-kwata, alkawarin da likita mai gaskiya ba zai iya yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne illolin da ba a faɗa wa majiyyaci tun farko. Amlodipine kan kumbura ƙafa. Lisinopril kan kawo busasshen tari. Masu sa fitsari kan takura wa direba da ɗan kasuwa da mai son alwalarsa ta daɗe. Wasu mazan ƙarfinsu na aure ke raguwa, kunya ta hana su faɗa, sai kawai su daina sha. Duk waɗannan akwai canjinsu, domin magungunan iri-iri ne. Sai dai a layin da mutum hamsin ke jira, da wuya ma'aikacin lafiya ya samu sukunin tambayar, "Baba, maganin nan yana damunka?"